Shanu Uku da Bukka Biyu

Tun ranar da Sarkin Noma Gwadabe ya ce wa Wada shi ne zai yi tafinta, zama ya gagare shi. In ya shimfiɗa buzu a zaure, sai ya tuna akwai karan dawa da bai tara ba a gona. In ya je gonar, sai ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon karan kamar na wani ne, ya juyo gida. Matarsa Luba ta ce kazar da ƙwai ya matsa ma ta fi shi natsuwa. Shi ma ya san gaskiya ta faɗa.

Ba Turancin ne ya dame shi ba. Shekara goma sha huɗu ya yi yana heluma, wato shugaban leburori, a wurin haƙar kuza na Riruwai, yana tsaye tsakanin Turawa da leburori, kuma duk Rafin Kanya babu wanda ya kai shi murɗa harshe, har da hedimasta, ko da yake hedimasta ba zai yarda ba. Abin da za a sa shi ya fassara ne ya hana shi sakat.

Shekara biyar ke nan da aka rufe aikin kuza, garin ya mutu a tsaye. Mai shayi ya kwashe teburinsa, tela ya koma Tudun Wada, samari suka zama 'yan gindin bishiya, daga kaka zuwa damina babu abin yi sai dara da gardama. Habu, ɗan Wada na uku kuma shi kaɗai ne namiji, ya daɗe da ɗaure jaka, kullum maganarsa Legas. Ana cikin haka sai ga labari cewa wata ƙungiyar agaji daga ƙasar Turai na son gina ƙaramin dam a kan rafin garin, gefe ɗaya noman rani, gefe ɗaya mashayar shanu. Sharaɗinsu guda ne: manoma da makiyaya su zauna inuwa ɗaya su riƙe aikin tare, don garuruwan da suka ɓata da juna ƙungiyar ke nema ta ɗinke. Za a aiko wata Baturiya ta saurari kowane ɓangare kafin a sa hannu, kuma ta ce ɗan gari take so ya yi mata tafinta.

Ɓatawa kam an ɓata. Bara da kaka shanu suka faɗa gonar shinkafar ƙanin Gwadabe a fadama, suka mai da ita fili. Kafin a tsaya tambayar shanun wa ne, samarin da zaman banza ya ishe su sun ɗauki sanduna sun hau ruga. Suka ƙona bukka biyu, suka sare shanu uku. Washegari aka tsinci gawar Isa, ɗan Hamman makiyayi, a tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, da rauni a ƙeyarsa. Hukuma ta zo ta yi tambaya, gari duka ya ce santsi ne ya ɗebe shi. Habu yana cikin waɗanda suka hau rugar. Ya dawo da riga a yage, ya shige ɗaki, Wada kuwa har yau bai tambaye shi abin da ya gani ko abin da hannunsa ya yi ba.

Kuma ba wani ba ne Hamman, aminin Wada ne. Shekara goma sha tara, duk kaka in an kwashe amfani, a gonar Wada shanun Hamman ke sauka su yi wata biyu, su ci kara su bar masa taki. Tun Isa bai fi tsayin maraƙi ba shi ke kafa turakun dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a kai. Luba tana kiran yaron mijinta da wasa, tana ajiye masa ƙanzo. Amma da ya mutu, ko mutum ɗaya daga gari bai taka ruga gaisuwa ba, don kowa na ganin zuwa ta'aziyya kamar amsa laifi ne. Wada ya ce gobe zai je. Goben ta zama mako, makon ya zama wata, har kunyar rashin zuwa ta fi ƙarfin zuwan. Tun daga nan matan ruga suka koma zagayawa ta bayan gari su kai nononsu kasuwar Riruwai, mutanen Rafin Kanya kuma suka koyi dama fura da ruwan tsamiya suna cewa ai ta fi lafiya.

To, da Gwadabe ya zo masa da maganar tafinta, sai da ya leƙa waje ya tabbatar babu kowa kafin ya zauna.

"Malam Wada, ka san ɗan yayata yana masinja a sakatariya. Da kunnensa ya ji. Mutanen nan, in asarar dukiya ce, suna shiga su gyara. Amma in rai aka rasa ba a sasanta ba, sai su tattara takardunsu su yi gaba. Wai sun taɓa gina dam a wani wuri ya koma fagen yaƙi."

"To ai an rasa ran, Sarkin Noma."

"Wa zai faɗa?" Gwadabe ya gyara zama. "Mun zauna da Arɗo. Shi ma ƙishi ya ishi shanunsa, da rani sai sun yi tafiyar wuni kafin su sha. Mun shirya Hamman ne zai yi magana a madadin Fulani. Shi aka fi yi wa ɓarna, wa ya fi shi cancanta?"

Nan take Wada ya gane inda aka dosa. Isa ɗan fari ne. Ko a cikin gari akwai iyayen da ba sa faɗar sunan ɗan fari, balle Bafulatani irin Hamman. Tun da aka haifi yaron bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in an tambaye shi 'ya'yansa nawa daga na biyu yake farawa. An ce ranar da aka binne Isa, can nesa Hamman ya tsaya yana kallon shanu, kamar ɗan maƙwabta ake binnewa. Ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai buɗe baki a gaban taro ya ce an kashe masa wane ba.

"Kai kuma ba mu ce ka yi ƙarya ba," in ji Gwadabe yana miƙewa. "Abin da ya faɗa shi za ka juya mata, kada ka ƙara, kada ka rage. A bar kaza cikin gashinta. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Ka ji dabara irin ta Gwadabe, ƙarya ce tsagwaronta amma ko ka haska fitila ba za ka sami maƙaryacin ba. Wada ya raka shi ƙofar gida, har da ce masa a sauka lafiya.

Saura kwana biyu Baturiya ta zo, ya tarar da Habu a bayan gida yana wasa wata tsohuwar fartanya, abin da rabon da ya gani tun kafin rikicin.

"Baba, in dam ɗin nan ya tabbata na fasa tafiya," in ji Habu bai ɗago ba. "Na ga yadda suke yi a dam ɗin Tiga. Tumatir da albasa, mota har bakin gona. Kadada ɗaya ta ishe ni."

Wada ya tsaya a kansa. Tambayar da ya yi shekara yana riƙe da ita ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Ya ce Allah ya tabbatar, ya wuce. Daga nan bai san lokacin da ƙafarsa ta kama hanyar ruga ba. Ya wuce fadama, ya haye dutse, har ya fara jin kukan maruƙa. Da ya iso bakin tsohon ramin kuza sai ya tsaya. Ruwan ya yi kore, kwance lumui, kwaɗi na iyo a ciki. Me zai je ya ce? Ya zo gaisuwa bayan shekara, ana jibi taro? Ai Hamman sai ya ɗauka dam ne ya aiko shi. Ya juya ya gangaro gida da sauri, ya tarar Luba ta zuba masa tuwo, ya ci loma biyu ya ture.

"Kai dai ka faɗa mini ko aljanu ne, in nemo hayaƙi," in ji ta.

"Luba, in mutum ya faɗi daidai abin da aka faɗa, ya yi ƙarya?"

Ba a gaya mata shirin ba, amma babu abin da ake ƙullawa a zaure da ba ya isa madafa.

"Ni ban yi makaranta ba," ta ce. "Abin da na sani, da na haifi ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Amma ai ba ta zauna babu suna ba. Kakarta na kira, maƙwabta na kira, kai kanka kana kira in ka manta. Uwa tana yin shiru ne don ta san akwai masu faɗa." Ta ɗauke kwanon. "Shi bawan Allahn nan, ɗan Hamman, wa ya faɗi sunansa?"

Ranar taro da hantsi aka jera bencina a gindin tsamiyar firamare. Manoma suka zauna gabas, Fulani yamma da sandunansu kwance a ƙasa, tsakaninsu fili wanda mota za ta iya wucewa. Baturiyar ta iso a farar mota, doguwa, fuska duk ta ƙone da rana, ta ɗaura ɗankwali a karkace don girmama mutane. Ta ce "sannunku" da kyau, kowa ya ji daɗi, daga nan kuma Hausarta ta ƙare. Wada ya tsaya kusa da kujerarta cikin babbar rigarsa ta Juma'a, gumi na bin bayansa.

Gwadabe ya fara. Ya yi bayanin shinkafa, ya yi bayanin zaman banza, ya ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, yanzu kuwa komai ya wuce, Hausa da Fulani uwa ɗaya uba ɗaya. Wada ya juya mata tsaf. Ta rubuta. Sai Arɗo ya nuna Hamman.

Rabon Wada da ganinsa kusan shekara guda. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma tsayuwarsa na nan, a miƙe, malfa a hannu. Bai kalli Wada ba, ƙasa yake kallo.

"Tana tambaya, me ka rasa a rikicin?" in ji Wada.

"Shanu uku."

Ya juya mata. Ta rubuta.

"Sai me?"

"Bukka biyu, da ɗan abin da ke ciki."

Baturiyar ba sakarya ba ce. Ta ajiye biro, ta dubi Hamman, ta yi tambaya a hankali. Wada ya mayar wa Hamman da Hausa.

"Ta ce, mutum fa? An taɓa wani naka?"

Gwadabe ya tsura wa reshen tsamiya ido. Arɗo yana wasa da carbi. Hamman ya juya malfarsa sau ɗaya a hannu.

"Waɗanda ke nan suna lafiya," ya ce.

"Ta ce 'ya'yanka nawa?"

"Huɗu."

Biyar ne da Isa. Duk wanda ke zaune a wurin ya san biyar ne, kuma ya san ko Isa na raye huɗu uban zai ce. Wada ya buɗe baki ya juya mata, kalma da kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta yi murmushi, ta ɗauki biro. Ya hango Habu a bayan taro ya jingina da bangon aji, ya hango Gwadabe ya fara sakin fuska. An gama. Dam ya zo.

Sai Hamman ya koma zai zauna, garin zama idonsa ya faɗa cikin na Wada. Babu zargi a ciki, babu roƙo. Kallon mutum ne wanda ya riga ya san ba wanda zai ce komai, ya kuma haƙura. Wannan haƙurin ne Wada ya kasa ɗauka. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake. Sun ɗauki kunyar mutum, abin da ya fi daraja a wurinsa, sun yi murfin tukunya da ita.

Bai juya wajen Baturiya ba. Ya tako cikin filin nan da ke tsakanin bencina, ya cire hularsa ya mayar, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa.

"Jama'a," ya ce da Hausa, "Hamman ya faɗi nasa, kuma daidai ya faɗa. Sauran ba nasa ba ne, namu ne. Sunansa Isa. Shekararsa ashirin. A gonata ya koyi tafiya. Ya mutu ranar da yaranmu suka hau ruga, kuma ba santsi ba ne, kowa ya sani. Shekara guda ban je gaisuwa ba, ni da na fi kowa cancantar zuwa." Ya ɗaga hannu biyu. "Allah ya jiƙan Isa. Allah ya gafarta masa. Allah ya ba mahaifansa haƙuri. Fatiha."

To, Musulmi zai iya ƙin magana, zai iya ƙin gaisuwa, amma in an ce Fatiha babu yadda zai yi da hannunsa. Liman ne ya fara ɗagawa. Sai benci na gabas, ɗaya bayan ɗaya, sai na yamma. Gwadabe ya ɗaga nasa a ƙarshe, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Can baya wata tsohuwa daga ruga ta fashe da kuka, kukan da aka ce ko ranar jana'iza ba ta yi ba. Hamman bai motsa ba. Ya ɗaga hannu kamar kowa, ya shafa, ya ci gaba da kallon ƙasa. Da Wada ya waiga wajen bangon aji, Habu ya durƙushe ya rufe fuska da hannun riga.

Baturiyar ta taɓa hannun Wada ta tambaye shi me ke faruwa. Ya gaya mata duka, da Turancinsa na ramin kuza, har da dalilin da ya sa uban ba zai faɗa ba. Ta daɗe tana kallon shafin da ta rubuta shanu uku da bukka biyu. Sannan ta ce dole ta kai rahoto yadda yake, ba ita ke yanke hukunci ba, kuma ba za ta yi alkawarin da ba ta da iko da shi ba. Wannan ma Wada ya juya wa jama'a, bai ƙara ba bai rage ba.

Aka watse babu wanda ya ce masa sannu. Gwadabe ya tsaya a gabansa ya ce, "Ka kyauta, heluma. In rani ya yi sai ka ba garin Turanci ya sha." Hamman ya wuce ta gefensa da sandarsa a kafaɗa, ko kallo.

Bayan mako uku takarda ta zo. An ɗage aikin sai an ga yadda zaman zai kasance nan da shekara, in an sasanta a sake dubawa. Mutane suka ce ɗagewar Bature ai sallama ce. A masallaci sahun da Wada ya tsaya sai ya ga gefensa ya yi sako-sako. Ranar kasuwar Riruwai Habu ya ɗauki jakar nan tasa. A bakin zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, ban buge shi ba. Amma ina wurin, kuma ban hana ba." Wada ya sa masa albarka, ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwanar dutse. Luba ta wuni a ɗaki ba ta ɗora tukunya ba.

Washegari zaman gidan ya gagari Wada, ya ɗauki lauje ya nufi gona, ko ya tara karan nan da ya ƙi taruwa. Tun daga nesa ya ji wari, warin da ya sani, ya tsaya cak. Shanu ne fal gonar, farare, sun baje suna karya kara. A tsakiyarsu Hamman ne shi kaɗai, da turaku a hammata da igiyar dangwali a kafaɗa, yana waige-waige kamar wanda ya shiga gidan da aka sauya wa ƙofa.

Suka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, yaya shanu, yaya iyali, jam, lafiya lau. Hamman ya ce ya ji yaro ya yi tafiya, Allah ya tsare. Wada ya ce amin. Hamman ya tona ƙasa da gindin sandarsa ya duba.

"Gonarka ta rame, Wada."

"Ta yi shekara ba ta ci ba."

Hamman ya sauke turakun, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a hannu, yana kallon can wajen dutse.

"Wancan da ka ambata ranar nan," ya ce a hankali, "shi ke kafa waɗannan. Ni ban taɓa tsayawa na kalle shi yana yi ba. Daga ina yake farawa?"

Wada ya karɓi turken daga hannunsa, ya yi gaba zuwa gindin ɗorawar da ke kusurwar gabas, inda inuwa ke faɗa wa maruƙa da rana, Hamman na biye da shi da igiya.